Fulogi Na Uku

Tun daga Wurno take tari,
akori-kurar da Baba ya bar mana,
buhu goma sha takwas na albasa a gadon bayanta,
tana hawan tudu kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa:
taku uku ta ɗingisa,
taku uku ta ɗingisa.
Kafin in sauke kaya a Kara
ta shanye man kwana biyu.

Labbo bai taso daga gindin dogon-yaro ba.
Kunne kawai ya karkato.
"Kashe ta, ɗan Arzika, da ƙahwa ukku ta ka tahiya.
Bari ta huce tukuna.
Ba a taɓa mai hushi."

Muka jira.
A ranar Sakkwato ƙarfe ba ya saurin yafiya.
Ya sha shayi, na sha zufa,
har inji ya yarda a ɗora masa tafin hannu.

Ya hure ƙasar da ta kwanta a bakin ramuka
kada ta faɗa inda ba a iya sharewa,
ya zura sifana mai dogon wuya,
ya jera su huɗu a kan yagaggen kwali
kamar mai duba zai buga ƙasa.

Na ɗaya launin soyayyar gyaɗa, lafiya lau.
Na biyu ɗan'uwansa.
Na huɗu ya fara furfura, haƙori ya cinye.
Na uku baƙi ƙirin, gindin tukunya,
jiƙe sharkaf da fetur ɗin da bai ƙone ba.

Labbo ya shinshina, ya miƙo mini.
"Wanga ana ba shi abinci, wuta ce ba ya tadawa.
Kuma ba mugunta ba ta.
Tazara ta yi yawa,
tartsatsi ya kasa tsallakawa."

A shagon Ikenna kwali uku aka ajiye gabana.
Mai araha na murza da babban yatsa,
rubutun ya biyo ni gida.
Mai tsada ya ce in manta da shi shekaru,
aljihuna ya ce shi bai ji ba.
Na ɗauki na tsakiya,
na gwada shi kafaɗa da kafaɗa da tsohon,
don mai dogon zare kan daki abin da ke ƙasa,
gajere kuwa ya ɓuya a rami yana ƙyasta wa kansa.
Huɗu na saya.
Ba a yi wa ƙafa ɗaya sabon takalmi.

"Aje sifana," in ji Labbo. "Da yatsu aka farawa.
In ka ji ya cije, kak ka tilasta.
Koma baya, nemi bakin zaren, shi zai kira ka."
Sau biyu na koma baya.
A na uku ya shiga kamar ya san gida.
Sannan sifana: ya zauna, ƙara kaɗan,
tsaya.
Waya kowace ta koma kan mai ita,
in ka haɗa su aure a ruɗe
sai salansa ta yi harbi a tsakar kasuwa.

Na murza makulli.
Ba tari, ba gardama.
Labbo ya ɗora kofinsa a kan bonat,
shayin bai ko motsa ba.

Na biya, na jefa baƙin a aljihu,
ban san dalili ba.

Mu ma huɗu Baba ya bari.
Jabbi na Illela, damina biyu ke nan,
tun ranar da aka yi wa motar nan kuɗi
aka ce rabonsa ya shiga ciki.
Duk salla ina aika masa shinkafa.
Ba ya mayarwa, ba ya cewa ta iso.

Na wuce shataletale, na gangara gefen titi.
Inji na numfashi a hankali ƙarƙashina.
Yatsuna duk baƙin mai
na laluba lambarsa.

Tana shiga.